Na'urar Kwaikwayon Fagen Fama: Yadda Amurka Ke Jinyar Tsofaffin Sojojinta da Abin da Ake Kashewa

A shekarar 2008, cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta ƙiyasta cewa daga cikin sojojin ƙasar kimanin miliyan 1.6 da aka tura Iraƙi da Afganistan, wajen 300,000 ne ke fama da ciwon firgici na bayan yaƙi ko kuma matsanancin baƙin ciki. Cibiyar ta ce asarar da hakan zai jawo cikin shekara biyu za ta kai tsakanin dala miliyan dubu 4 zuwa miliyan dubu 6.2, kuma kaso mafi tsoka na asarar aikin yi ne. Saboda haka, wannan ciwo matsala ce ta tattalin arziki kamar yadda yake matsalar lafiya.

Mai wannan ciwo yakan yi munanan mafarkai, ya razana da ƙarar ƙofa, ya kuma guji duk abin da zai tuna masa da yaƙi. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin jinya ita ce likita ya sa majinyaci ya riƙa maimaita labarin abin da ya same shi, sannu a hankali, har tsoron ya ragu. Sai dai sojoji da yawa ba sa iya tuno lamarin, ko kuma ba sa so.

A nan ne na'urar kwaikwayo ta shigo. Ana sanya wa majinyaci wani babban tabarau da ke haɗe da kwamfuta, sai ya ga kansa tamkar yana tsakiyar fagen fama. Duk inda ya juya kansa, hoton na bin sa. Likita na gefe yana sarrafa komai: shi ke ƙara ƙarar harbi, hayaƙi ko fashewar bam, gwargwadon abin da majinyacin zai iya jurewa. Wasu na'urorin har girgiza ƙasa suke yi, suna fitar da warin man dizal da na albarushi.

An fara wannan gwaji a birnin Atlanta a shekarar 1997, inda Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges na Georgia Tech suka ƙirƙiro fagen kwaikwayo na yaƙin Biyetnam. Daga bisani Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya gina na Iraƙi, da tallafin da ofishin bincike na rundunar sojan ruwa ya bayar a 2005. Don rage kuɗi, an yi amfani da hotunan wani wasan kwamfuta mai suna Full Spectrum Warrior. Sabon tsarin, wanda ake kira Bravemind, ya shiga asibitocin tsofaffin sojoji da dama.

Faɗuwar farashi ta taimaka ƙwarai. A da, irin wannan tabarau yakan ci dubban daloli. Bayan da Facebook ya sayi kamfanin Oculus kan kimanin dala miliyan dubu 2 a 2014, manyan kamfanoni suka shiga gasa, har aka sayar da tabarau na Quest 2 kan dala 299 a 2020.

Amma masu sha'awar zuba jari su lura. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka 162 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa jinya da na'urar sun fi waɗanda ke jiran layi samun sauƙi, amma ba su fi waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanyar ba. Hasali ma, bayan 'yan watanni tsohuwar hanyar ce ta yi gaba. Amfanin na'urar ya fi fitowa wajen jawo sojan da ke ƙyamar zama gaban likitan ƙwaƙwalwa.

Nijeriya ma tana da dubban sojoji da suka yi yaƙi a Laberiya, Saliyo da Arewa maso Gabas, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kacal. Sayen tabarau shi ne ɓangare mafi araha. Kuɗin gaske yana wajen horar da masu jinya, da zana fage mai kama da dajin Sambisa ko gaɓar tafkin Chadi, domin titin Bagadaza ba zai tuna wa sojan Nijeriya komai ba.