Fitilar Keke Ƙirar Gida a Ƙasar Ƙaraye da Rogo: Daga Dainamo Zuwa Batirin Caji

1.0 GABATARWA

Abin da muka kawo gaban wannan zama ƙaramin abu ne a ido, watau fitilar da mai keke yake ɗaurawa don ya ga hanya da dare. Mun zaɓi ƙasar Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin Jihar Kano ta wajen iyakar Katsina da Kaduna, waɗanda su ne masarautar Ƙaraye ta ƙunsa tun bayan gyaran dokar masarautu na 2024. Ƙasa ce ta noma da cin kasuwa, garuruwanta a warwatse, kuma galibin hanyoyin da ke haɗa ƙauye da ƙauye ba su san kwalta ba. Mutumin Zarewa ko na Gwangwan da ya ci kasuwa har rana ta faɗi, da manomin rani na bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama ginawa a 1992, mai son ya kai tumatirinsa bakin titi kafin gari ya waye, dukkansu tafiyar duhu ce a gabansu.

Da babura suka yawaita an ɗauka kwanan keke ya ƙare. Sai ga shi a ranar 29 ga Mayu, 2023 gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mutane da dama suka kakkaɓe kekunan da suka jingine. Amma keken ya dawo ba tare da tsohuwar fitilarsa ba, aka maye gurbinta da wata wadda masu gyaran rediyo da masu gyaran waya suke harhaɗawa da hannu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan sabuwar fitila ta magance ƙarancin haske, amma ta zo da wani haɗari a cikin batirinta, ta kuma sa an mance da abin da ya fi tsare ran mai keke a kan titi.

2.0 TSOHUWAR FITILA

Waɗanda suka hau Raleigh, wanda har masana'antar haɗa shi aka kafa a Kano, ko Hercules, ko Phoenix na ƙasar Sin, sun san dainamo. Wani ɗan inji ne mai kamar kwalba, da ake kwantar da kansa a jikin taya; in taya ta juya sai ta juya maganaɗisun da ke cikinsa, lantarki ya samu. Ƙarfinsa bolt 6 ne da wat 3, kuma yadda aka raba shi abin lura ne: wat 2.4 na ƙwan gaba, sauran 0.6 na jar fitilar baya. Ashe tun asali masu ƙirar sun ware wa baya rabonta. A zamanin En'e kuwa keke yana da lasin, kuma hawansa da dare ba fitila laifi ne da ɗan doka zai kama mutum a kai.

Sai dai dainamo an yi shi ne don shimfiɗaɗɗen titi. Haskensa yana bin gudun keke ne, saboda haka a daidai wurin da mahayi ya fi bukatar gani, watau inda rairayi ya riƙe taya ko inda zai gangara kwazazzabo a hankali, nan ne hasken yake dushewa ya koma kamar garwashi. In ya tsaya, duhu ɗungum. Da damina kan dainamo yana santsi a jikin jiƙaƙƙiyar taya, da rani kuma yana cin gefenta. Wannan ya sa mutanen karkara suka koma ga tocila mai manyan batura biyu ko uku, irin su Tiger Head, kowanne bolt 1.5, a ɗaure ta a kan keke da tsohuwar roba, ko a maƙale ta tsakanin wuya da kafaɗa. Batiran nan in sun mutu sun mutu, sai dai yara su fasa su ɗauki baƙin sandan ciki su yi rubutu a bango.

3.0 ABUBUWA BIYU DA SUKA SAKE AL'AMARIN

Na farko shi ne ƙwan fitilar da ake kira LED. Tsohon ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar gasa wata siririyar waya har ta yi fari, don haka fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zafi take zama. LED ba ya gasa kome. Farinsa ya samu ne bayan da masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a yi mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2014. Da wat ɗaya tak irin wannan ƙwai yana ba da hasken da ya ninka na tsohon ƙwan dainamo.

Na biyu shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Wanda ya fi shiga hannun masu haɗa fitila shi ne mai lamba 18650, kuma lambar ba wani sirri ba ce, girmansa take faɗi: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Ba kasafai ake sayensa sabo ba. Tsohon batirin kwamfutar hannu ake fasawa, a tarar da guda shida a jere, galibi ɗaya ko biyu ne suka lalace suka ja wa sauran.

Haɗin kuwa ba wuya. A samo kan tsohuwar tocila mai madubi, a dasa ƙwan LED a ciki, a sa batir ɗaya ko biyu cikin guntun bututun roba na ruwa, a liƙa makunni, a ɗaure a kan keke. Lissafin daɗewarsa ma mai sauƙi ne. Lafiyayyen batir yana ɗaukar miliamfa kamar 2,500, ƙwai mai wat ɗaya kuma yana jan kamar 350 a awa, watau wajen awa bakwai ke nan. In aka sa mai wat uku sai ya sauko kusa da awa uku, in kuma batirin tsoho ne a raba biyu. Ko da hakan, ya ishi mutum zuwa kasuwa da dawowa, gobe ya miƙa wa mai cajin waya ya cika masa da sola ko janareta. Da Arewa ta kwashe fiye da mako guda ba wutar lantarki a watan Oktoba na 2024, irin waɗannan rumfunan caji ne suka rufa wa mutane asiri.

Lalle wannan hikima ce, kuma bai kamata mu da muke jami'a mu dube ta da raini ba. Yaron da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba ya mai da juji ya zama haske.

4.0 INDA HAƊARIN YAKE

A nan ne za mu ɗan daɗe. Batirin litiyam ba kamar Tiger Head ba ne, yana da iyakoki biyu da ba ya yafe wa wanda ya ƙetare su. Cikarsa bolt 4.2 ce, in aka ci gaba da ɗura masa wuta bayan haka sai ya ɗau zafi, ya kumbura, yana iya fashewa da wuta. Ƙarshen saukarsa kuwa wajen bolt 2.5 ne, in aka tsotse shi ya faɗi ƙasa da haka sosai, cikinsa yana lalacewa, ranar da aka zo cika shi kuma ana iya samun gobara. A cikin kwamfuta akwai ɗan allon da ke tsaron waɗannan iyakoki. To, mai fasa batir wannan allon ne yake fara jefarwa, ya ɗauki tsirarun batura ya haɗa su kai tsaye da cajar waya mai bolt 5.

Maganin wannan bai kai girman ɗan yatsa ba. Akwai ɗan allon caji da ake kira TP4056, mai araha ƙwarai, wanda yake yanke wuta da kansa in batir ya kai 4.2. Iri biyu ne a kasuwa, kuma mai tsaron sauka, wanda ake ganewa da ƙarin wuraren liƙa waya guda biyu, shi ya kamata a nema. Duk fitilar da aka haɗa ba tare da shi ba, a ganinmu, ba a gama haɗa ta ba.

Sa'an nan akwai zafi. Masu ƙera waɗannan batura sun ƙayyade kada a yi cajinsu a zafin da ya wuce digiri 45. A watannin Maris da Afrilu zafin inuwa ma yakan haye 40 a ƙasar Kano, balle cikin rumfar kwano da tsakar rana, inda aka jibge wayoyi da batura a kan tebur ɗaya. Caji da sassafe ko bayan la'asar ya fi, a kan ƙasa ko siminti, nesa da katifa da buhunan hatsi da galan ɗin fetur. Batirin da fatar robarsa ta yage kuwa, duk jikinsa waya ce tsirara. In ya haɗu da makulli ko kwabo a aljihu zai iya ƙona mutum.

Ga kuma jabu. Ana sayar da 18650 da aka rubuta wa 9,900 a jiki, alhali na ƙwarai da manyan kamfanoni suke yi ba su cika wuce 3,500 ba. Ma'auni yana tona asirinsu: na gaske yana da nauyin giram 45 ko kusa da haka, jabu kuwa sau da yawa sakayau yake.

Wasu masu haɗin sukan ɗauko batirin tsohuwar fitilar caji ta ɗaka, mai bolt 4. Wannan ba ya tashi da wuta kamar litiyam, amma dalma ce a cikinsa da ruwan batir. Bala'in Zamfara na 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, daga dutsen zinariya dalmar ta fito, ba daga batir ba. Amma dalma dalma ce, kuma yaran da suka saba fasa mataccen batir su yi wasa ba su san an canja musu abin wasan ba.

5.0 BAYAN KEKE

Mun ce dainamo yana ware wa baya rabonta. Fitilar ƙirar gida gaba kaɗai ta sani, don mai saye abin da zai gani yake biya wa kuɗi, ba abin da za a gan shi da shi ba. A burtali ba kome. Amma da zarar ya hau kwalta lissafi ya juya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. In direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki, ya riga ya ci mita 33 motar ba ta ko fara tsayawa ba. Mai keke da ya ɗoro buhu ko damin rake a kariya, ya rufe ɗan jan madubin baya in ma akwai shi, ba a ganinsa sai an zo kansa. Jan ƙwan LED kuwa abin da yake sha bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙwan gaba ba. Waya biyu ce kawai za a ja zuwa baya, a rataye shi a bayan kayan, ba a ƙarƙashinsu ba.

Ƙarfin hasken gaba ma yana da nasa aibi. In aka ɗaga shi sama yana kashe wa mai tahowa ido, da hunturu kuma yana dukan hazo ya dawo wa mahayin. A Jamus doka ta wajabta a datse saman hasken fitilar keke saboda wannan dalili. Mu a nan, sunkuyar da kan fitilar ya sauka 'yan mitoci gaban taya, ko yi mata ɗan baki da gwangwani kamar na hular hana-salla, ya wadatar.

6.0 WAYA DA SANIN HANYA

A ƙasashen Turai ana sayar da na'urori na musamman masu nuna wa mai keke hanya ta tauraron ɗan'adam. A nan wayar hannu ce take wannan aiki, kuma ba ta bukatar layi kafin ta san inda mutum yake. Taswirar ce dai sai an sauke ta tun ana gari. Cikas ɗin shi ne ba duk 'yar hanya ce take cikin taswira ba, kuma taswira ba ta san rafin da ya kawo ruwa jiya ba. An dai sami ci gaba a lokacin yaƙi da shan-inna, sa'ad da aka zana ƙauyuka da rugagen Jihar Kano daga hotunan sama, aka kuma riƙa bin sawun masu rigakafi da wayoyi, kafin a tabbatar cutar ta daji ta ƙare a Nijeriya a 2020. Amfanin waya ya fi yawa ga baƙo, irin su malamin gona da ma'aikacin lafiya. Ɗan gari da kuka da rimi da tsamiya yake gane mararraba, da gamzaki kuma yake sanin asuba ta gabato. Abin da yake so shi ne kada wayarsa ta mutu a daji.

7.0 KOMAWA GA DAINAMO

Wannan bukata ce ta sa muke ganin an yi gaggawar yar da dainamo. Laifin dushewar haske rabinsa na tsohon ƙwai ne, wanda ba ya haskawa sai ya sami cikakkiyar wuta. Ƙwan LED yana kamawa tun ana tafiya a hankali. Dainamo kuma bisa ga ƙirarsa ba ya ba da abin da ya wuce kamar miliamfa 500 kome gudun keke, watau ba zai ƙona ƙwai mai wat uku ba. Abin da ake bukata a tsakani shi ne 'yan dayod guda huɗu, don wutar dainamo kai-da-komowa take yi, LED kuwa mai bin hanya ɗaya yake so. Kowane mai gyaran rediyo yana da su a cikin matattun caja. In aka ƙara ɗan ma'ajin wuta, fitilar ba za ta mutu nan take in an tsaya ba. In kuma aka bi da wutar ta allon da ke daidaita ta a bolt 5, tafiyar rana za ta iya ɗan ƙara wa waya caji, ko da yake a hankali ne. Jamus ba ta halatta fitilar batir ita kaɗai ga kekuna gaba ɗaya ba sai a 2013, kuma har yanzu masu doguwar tafiya a can dainamon cikin cibiyar taya suke sawa, wanda ruwa ba ya sa shi santsi.

Gwajin da muke ba sassan koyar da lantarki na kwalejojinmu shawarar su yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa: keke biyu, ɗaya da batir mai allon tsaro, ɗaya da dainamo da dayod huɗu, kowanne da jar fitila a baya, a ba masu kai kaya tsakanin Turawa da Ƙaraye su yi damina guda da rani guda da su, sa'an nan a kira masu haɗa fitilun su buɗe su da hannunsu a ga abin da ya lalace.