Kogin Lissafi da Kogin Allah: Yadda Za a Fahimci Ruwan Tiga

Duk wanda ya tsaya a gadar Tamburawa, cikin ƙasar Dawakin Kudu, ya dubi ruwan da ke wucewa a ƙarƙashinsa a tsakiyar rani, lokacin da kakanninmu suka san kogin da rairayi tsantsa, sai ya zaci al'amari ne mai sauƙi, wato an datse kogi a Tiga, an saki ruwa, jama'a suna amfana. Alhali kuwa wannan ruwa guda shi ne matatar Tamburawa ke tacewa domin birnin Kano, shi ne manomin shinkafa na Kura da mai tumatir na Kadawa da mai alkama na Bunkure ke jira a bakin kanal, kuma ragowarsa ce masunta da makiyaya na fadamun Haɗeja da Nguru ke zuba wa ido, ta yadda ba za a ƙara wa ɗaya ba face an rage wa wani, ko da kuwa ba su taɓa ganin juna ba.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sa'an nan madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Babu mai musun alherin da aka samu. Amma wata mas'ala ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A da, koguna kan cika da damina su ƙafe da rani. Da aka shiga sakin ruwa shekara duka, sai ciyawar kacalla, wadda ba ta son kome irin ruwa mai kwanciya marar zurfi, ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, ta karkatar da shi zuwa gonaki da gidajen da ba su nema ba, ta hana shi isa inda ake kukan rashinsa, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Injiniya bai hango wannan ba domin idonsa na kan madatsa, manomin Kura ma bai gani ba domin idonsa na kan gonarsa.

Saboda irin wannan sarƙaƙiya ne masana suka ƙirƙiro abin da zan kira kogin lissafi. Ma'anarsa ita ce a gina kwatankwacin kogi a cikin kwamfuta, a shigar da adadin ruwan sama, da abin da rana ke ƙafarwa, da abin da ƙasa ke shanyewa, da abin da kowace gona ke ɗiba, sa'an nan a tambaye shi: in an faɗaɗa noman rani da hekta kaza, me zai rage wa Nguru? In an saki ruwa mai yawa a watan Agusta don a kwaikwayi ambaliyar da, me zai saura a Tiga kafin wata damina? A shekarun 1990 wasu malaman jami'ar Landan, musamman Hollis da Thompson, tare da abokan aikinsu na Nijeriya irin su Muhtari Aminu-Kano, sun yi wa fadamun Haɗeja da Nguru irin wannan nazari, kuma binciken da Barbier da Thompson suka buga a 1998 ya nuna cewa asarar da faɗaɗa ban-ruwa zai jawo wa mutanen fadama ta zarce ribar da za a samu a sama. Wannan magana ce mai ɗaci a kunnen Bakano, amma hujja ce, kuma wajibi ne a saurare ta.

Sai dai a nan ne nake son mai karatu ya natsu. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa ƙiyasi ba ya inganta sai da asali tabbatacce, haka nan riwaya ba ta karɓuwa sai an san wanda ya ɗauko ta. To, kogin lissafi ƙiyasi ne, asalinsa kuwa shi ne ilmin da aka tara aka adana. Idan ma'aunin ruwa ya lalace aka yi shekaru ba a karanta shi ba, ko littafin awo ya ruɓe a ɗakin ajiya, ko tsohon ma'aikacin da ya san halin kowace ƙofar ruwa ya yi ritaya ba wanda ya zauna ya rubuta abin da ke kansa, to, kwamfuta za ta ba da amsa, amma amsar da aka gina kan zato. Abin da ya fi damuna ma shi ne ilmin da bai taɓa shiga takarda ba: dattijon da ya san gonar da gishiri ke tasowa, da kwanar da laka ke taruwa, da dalilin da ya sa na ƙarshen kanal ke fita ban-ruwa da tsakar dare, domin na farkon kanal sun rigaya sun sha da rana. Lissafin da bai san wannan ba zai ce ruwa ya wadaci kowa, mai gona kuwa yana kallon shukarsa tana yaushi.

An yi yunƙuri. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa sun haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da shi baki ɗaya, kuma shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara kanal-kanal ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A ra'ayina, waɗannan ƙungiyoyi su ne mahaɗar da aka daɗe ana nema. A ba kowace ɗaya littafi, da boko ko da ajami, ta riƙa rubuta ranar da ruwa ya iso da ranar da ya yanke, da abin da aka shuka, da cutar da ta faɗo, kamar tsutsar da ta halaka tumatir a 2016; a riƙa kai kwafinsa ga hukuma da masu bincike na Jami'ar Bayero; su kuma, in sun gama lissafinsu, su dawo Kura da Bunkure da Dawakin Kudu su karanta wa manoma sakamakon da Hausa, a bar dattawa su nuna inda ya saɓa wa abin da suka gani da idonsu.