Ruwan da Ke Sanyaya Injin Babur

Ringim gari ne a Jihar Jigawa, kusa da Kogin Haɗeja. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano, ta isa Nguru a 1930, ta nan ta ratsa. A zamanin da, jirgi da jakuna su ne ke ɗaukar gyaɗa da sauran kaya. Yanzu kuwa babur ya shiga ko'ina. Shi ke kai manomi gona, ya kai malami makaranta, ya kai mara lafiya asibiti. Magidanta da yawa da shi su ke ciyad da iyalinsu. Sabo da haka ya kamata kowane ɗan makaranta ya san abin da ke tsare lafiyar injinsa.

A cikin inji fetur ke ƙonewa, ƙarfin ƙunan nan ne ke juya ƙafa. Amma inda wuta ta ke, zafi ba ya rasa. In ba a fitar da zafin nan ba, ƙarfe ya kan kumbura, sassan inji su cije da juna, babur ya tsaya cik. Da bazara, sa'ad da rana ke ƙwallewa a ƙasar Ringim da Dutse, abin ya fi tsanani.

Hanya biyu a ke sanyaya inji. Ta fari ita ce iska. Yawancin baburan ƙasar Hausa, kamar Bajaj Boxer da Jincheng, irin wannan ne. Wanda ya dubi injinsu zai ga faifan ƙarfe jere a jikinsa kamar haƙarƙari. Iska ke bi ta tsakaninsu ta kwashe zafi. Ta biyu ita ce ruwa. Manyan babura masu ƙarfi su ne aka fi yi wa wannan, kamar yadda a ke yi wa mota. Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce. Wani Baturen Ingila, Alfred Scott, ya ƙera babur mai aiki da ruwa tun 1908. Kamfanin Suzuki na ƙasar Japan kuma ya fito da nasa, GT750, a 1971.

Ga yadda ruwan ke aiki. Akwai ƙananan hanyoyi a jikin inji. Wani ɗan famfo ke tura ruwa ta cikinsu, ruwan ya ɗauki zafi, ya bi ta tiyo zuwa lagireto. Lagireto kuwa tarin siraran bututu ne da ke gaban babur. A nan iska ke busa ruwan ya huce, sa'an nan ya koma inji. Kamar dai yadda mai shayi ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi don iska ta rage masa zafi. In babur na tsaye ba iska, sai wata 'yar fanka ta tashi ta yi fifita.

Ruwan lagireto ba ruwan rijiya ba ne. Rabinsa tataccen ruwa ne wanda aka raba da gishiri, rabi kuwa wani magani ne mai suna gilaikol. A kan rina shi kore, ko shuɗi, ko ja, don a gane shi. Ruwa zalla ya kan tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyas. Amma wannan haɗi, in murfin lagireto ya danne shi, ya kan wuce digiri 120 bai tafasa ba. Har wa yau akwai maganin tsatsa a ciki. Wanda ya zuba ruwan rijiya don ya huta da sayen wannan, ya dubi cikin butar mai shayi, ya ga farin ɓawon da ya kama gindinta. Irinsa ne zai toshe bututun lagireto. Araha ba ta ado.

To, maganin tsatsan nan ƙarewa ya ke yi a hankali. Ruwan ya kan dushe, ya yi jaja-jaja da dauɗa. Don haka masu ƙera babura da yawa suka ce a juye shi bayan shekara 2, ko kuwa yadda littafin babur ɗin ya faɗa.

Makanike ba ya fara aikin nan sai inji ya huce sarai. Wannan ita ce babbar doka. In aka buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa da tururi su kan yi tsartuwa, su saɓule fatar hannu da ta fuska. Sauri ya haifi nawa.

In inji ya huce, sai makanike ya tsai da babur sosai a wuri mai daidai, ya buɗe murfi. Sai ya ajiye kwano a ƙarƙashin famfo, ya kwance notin da ke can ƙasa, tsohon ruwa ya tsiyaye. Ya kan juye na ƙaramin tankin ajiya da ke gefe kuma. Daga nan sai wanki. Ya mai da noti, ya cika lagireto da tataccen ruwa, ya rufe, ya ta da inji ya ɗumama. Sai ya kashe, ya jira ya huce, ya sake tsiyayewa. Haka zai yi ta yi har ruwan ya fito garau.

Sa'an nan ya ɗaure noti da sabon wasa, ya zuba sabon ruwa sannu sannu. Yawancin babura lita 1 zuwa 3 su ke sha. Yana zubawa yana matsa tiyo da hannu don iska ta fita, gama in iska ta maƙale a ciki, ruwa ba zai kai wurin ba, wurin kuwa ya yi ta ɗaukar zafi. Bayan haka ya rufe, ya ta da inji har fanka ta juya, yana duban ko akwai yoyo. In ya sake hucewa sai ya ƙara ruwa, ya tabbata na tankin ajiya yana tsakanin zane biyu da ke jikinsa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafar yara. Gilaikol guba ne. Yana da zaƙi, launinsa kuma kamar na lemon kwalba, amma yana lalata ƙoda, kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe yaro ko akuya. Kada a zuba shi a robar lemo, kada a bar shi a buɗe inda kaji da dabbobi ke sha, kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya ko kogi. A rufe shi a jarka, a rubuta sunansa, a ajiye nesa da ƙanana. In wani ya sha bisa kuskure, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Mai babur na iska shi ma yana da nasa aiki. Ƙurar hunturu da taɓon damina su kan cushe haƙarƙarin inji, sai a wanke su in ya huce, a kuma juye baƙin mai a kan kari. Ba a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi, domin ƙarfen yana iya tsagewa. Kuɗin ruwa da na mai kaɗan ne, na sabon inji kuwa ya kan cinye amfanin gonar shekara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne hanyoyi biyu a ke sanyaya injin babur?
2. Don me ba a zuba ruwan rijiya a lagireto?
3. Me zai sami wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa?
4. Me za a yi in yaro ya sha ruwan lagireto?