Tsiyayar man shakazoba: gyaran da mai babur zai iya yi a ƙofar gida

Duk wanda ya tsaya inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja a Gude, ko Kabo, ko Gwarzo, ya dubi ƙafafun gaban baburan da ke jere, da wuya ya rasa guda mai tsumma ɗaure a jikin shakazoba. Mai ne ke tsattsafowa, mai babur ya gaji da gogewa, ya ɗaura tsumma don kada ya gangara kan taya. A wani babur ɗin ko tsumman babu, sai baƙin daƙandaƙan da ƙura ta yi da ta haɗu da mai. In aka tambaya, amsar ba ta wuce "oyil-sil ne ya mutu, sai an samu sarari."

A wannan yanki na yammacin Kano babur bai san hutu ba. A Janairun 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birnin Kano da kewayensa, A Daidaita Sahu ta gaje wurin, amma a karkara acaɓa ya ci gaba da zama motar kowa. Shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko buhun masara daga gona, shi ke fito da kwandunan tumatir da albasa na masu noman rani a kewayen madatsun Guzu-Guzu da Magaga zuwa bakin titin Kano zuwa Gwarzo. Da an sauka daga kwalta sai burji da ramuka, ƙurar hunturu da rani, taɓo da damina. Boxer ɗin kamfanin Bajaj na Indiya da baburan Sin irin su Jincheng da Haojue suna da juriya, amma ba a yi robar da za ta daure wannan aiki har abada ba.

Kowace ƙafa ta gaban babur gida biyu ce. Akwai sandar ƙarfe mai sheƙi a sama, akwai bututun ƙasa da sandar ke shiga tana fita a cikinsa. A ciki akwai sifirin, shi ke ɗaukar nauyi, sai mai da ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan huduji a duk lokacin da taya ta faɗa rami. Wahalar da man ke sha kafin ya ratsa hudujin ita ke hana babur yin ta tsalle. Dabarar ta tsufa, domin tun 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fara sayar da babur mai irin wannan ƙafa. Abin da ke tsare man kada ya fito zobe ne na roba a bakin bututun ƙasa, wanda leɓensa ya rungumi sandar. Shi ne oyil-sil. A samansa akwai wata robar mai tare ƙura.

Idan mai ya tsiyaye, gaban babur yana nutsewa da an taka birki, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe a rami, kan babur ya riƙa rinjaya gefe guda in ƙafa ɗaya ce ta bushe. Mafi muni shi ne man ya kai ga birkin gaba, musamman a babur mai birkin faifai. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa, wanki kuma ba ya fitar da man daga jikinsa, sai dai a sake sabo.

Ba kowace tsiyaya ce mutuwar sil ba. Wani lokaci ƙwayar yashi ce ta maƙale a ƙarƙashin leɓen robar ta ɗaga shi. Kafin a kashe kuɗi, a ɗaga robar ƙura, a yanko siririyar roba mai sulɓi daga gorar ruwa, a zura bakinta tsakanin sanda da sil, a zagaya da ita a hankali a janyo dattin waje. A goge, a danna kan babur sau da yawa. In zoben mai bai sake bayyana a jikin sandar ba, an huta.

In ya dawo, sai canji. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi bayan haka, kayan gyara da kuɗin aiki duk sun tashi, don haka mai ɗan hannu a gyara ba laifi ya gwada da kansa. A jikin kowane sil akwai lambobi uku: faɗin ciki, faɗin waje da kauri, duk a milimita. Wanda aka rubuta wa 30-42-11, alal misali, na sanda mai kaurin milimita 30 ne. Gara a tafi shago da tsohon a hannu, a Gwarzo ne ko a Sabon Garin Kano, da a tsaya ga faɗar sunan babur kawai. A sayi biyu, a canza duka ƙafafun, domin tare suka tsufa. Sauran kayan aikin sifanu ne, da alanki, da sukundireba, da guntun fayif ɗin roba wanda sandar za ta iya ratsawa, da kananzir, da sirinji babba na awon mai. Sai wuri mai tsabta: tabarma ko kwali a zaure ya fi tsakar gida mai yashi, musamman ranar da iska ke kaɗawa.

A kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a tokare ƙasan inji da katako har tayar gaba ta bar ƙasa. A cire wayar birki da ta mita, a zare taya, a kwance murfin da ke tare lakar da take watsowa. Akwai notuna biyu da ya kamata a sassauta tun ƙafar tana jikin babur: murfin da ke saman sanda, da kuma notin alanki da ke ɓoye a gindin bututun ƙasa. Na ƙasan shi ke ba masu koyo wahala. Yana riƙe da wani siririn ƙarfe a ciki, kuma matsin sifirin ne ke hana ƙarfen juyawa. Wanda ya riga ya cire sifirin kafin ya taɓa notin, sai ya yini yana murɗawa, noti da ƙarfe suna zagayawa tare.

Bayan an zaro ƙafar, a buɗe murfin sama ana danne shi da tafin hannu, kada sifirin ya cillo shi a fuska. A lura da gefen sifirin da ke kallon sama don a mayar da shi yadda aka same shi. A juye tsohon man a gwangwani. Yawanci baƙi ƙirin yake fitowa, da wari, wani lokaci har da ruwan damina. Sai a ɓanɓare robar ƙura, a ciro zoben waya da ke riƙe da sil, a ƙarasa kwance notin ƙasa, sanda ta rabu da bututu. Tsohon sil ana ɗago shi da sukundireba, amma a sa tsumma a ƙarƙashin ƙarfen, don bututun alminiyam ne, ba ya jure kwarzana.

A nan ne aikin yake yin kyau ko ya lalace, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. A wanke sandar, a bi ta da farce daga sama har ƙasa. Tsakuwar da motar gaba ta watso tana barin tabo, tsatsa tana cin sheƙin ta bar ƙananan ramuka, kuma duk wanda farce ya ji, leɓen sabon sil ma zai ji shi, sau dubbai a yini guda. Ƙaramin tabo ana lallashinsa da sanfefa mafi laushi da ɗigon mai, ana zagaya sandar, ba a bin tsawonta. In tsatsa ta ci wurin da sil ke goga, sanda ta gama aiki. A kuma mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai santsi: in tana ɗingishi ta lanƙwashe, abin da ba baƙo ba ne ga babur da ya taɓa faɗuwa ko yake shan lodi. Mutane da yawa suna zagin sabon sil da cewa jabu ne bayan mako biyu, alhali sandar ce ta yanka shi. Jabun yana nan a kasuwa, ba a musu, amma ba shi ne mai laifi kullum ba.

Sabon sil yana da fuska biyu. Gefen da ke da rami da ɗan siririn sifirin shi ke kallon ƙasa wajen mai, gefen rubutu ya kalli sama. A shafa masa mai, a lulluɓe bakin sanda da leda don kada kaifinsa ya tsaga leɓen, a zura shi. Bayan an mayar da sanda cikin bututu, da fayif ɗin nan ake buga shi a hankali, daidai wa daida, har sai layin da zoben waya ke zama ya bayyana duka. Guduma da sukundireba ba su da wuri a nan. A mayar da zoben, a tabbatar ya shige gurbinsa, a ɗaure notin ƙasa tare da wasarsa ta jan ƙarfe, wadda in ta tsufa ita ma takan ɗigar da mai.

Maganar mai kuwa, al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a tsiyaya baƙin man inji da ido, wani ma tsohon da aka juye daga inji. Man inji ya yi kauri, yana sa gaban babur tauri, tsohon kuwa cike yake da garin ƙarfe mai cin roba. Akwai man shakazoba na musamman, galibi mai lamba 10W. In ba a samu ba, jan man giyar mota mai sarrafa kanta ya fi man inji dacewa, kuma shi Honda ta rubuta a littattafan tsofaffin baburanta da dama. Adadin ya danganta da babur, yana cikin littafin da ake bayarwa tare da sabo, amma a ƙananan baburan nan bai kai kwatan lita ba a kowace ƙafa. A auna da sirinji, ƙafafun biyu su sha daidai. Ƙari ba alheri ba ne: in mai ya yi yawa, iskar da ke samansa ba ta samun wurin matsewa, sai ƙarfin ya koma kan sil.

A tura sandar sama da ƙasa har kumfa ta daina fitowa, sannan a sa sifirin a rufe. Wajen mayarwa, sandunan biyu su tsaya tsayi ɗaya. Kafin a ƙarasa ɗaure notunan taya, a sauke babur a danna kansa sau biyar ko shida don ƙafafun su daidaita, a gwada birki tun ba a hau titi ba. Wanda baburinsa ba shi da robar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke rufe sanda, ko tasa ta yage, ya saya ya sa tun ƙafar tana waje, domin a hanyar Gude ita ce ke tare tsakuwa da ƙura. In kuwa noti ya ci, ko sanda tana kaɗawa a cikin bututu alamar abin da ke riƙe ta a ciki ya cinye, aikin ya wuce na zaure, sai a ɗauki ƙafar a kai wa bakanike.