Hotunan Tauraron Ɗan'adam da Gonakin Sahel: Abin da Suke Gani da Abin da Ke Ɓoye Musu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1972 amfanin gona ya gaza a Tarayyar Sobiyet, sai hukumominta suka sayi hatsi mai ɗimbin yawa daga kamfanonin Amurka a asirce, kafin kasuwa ta farga. Da labarin ya bazu, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo a duniya. A watan Yuli na wannan shekara ne kuma aka harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko. Daga 1974 hukumar NASA da ma'aikatar gona ta Amurka suka fara gwajin da aka sani da LACIE, domin ƙiyasta alkamar ƙasashe daga hotunan sama. Ke nan tun asali an ƙera wannan fasaha ne da manyan gonakin alkama a zuciya. Wannan maƙala tana bayanin yadda fasahar ke aiki, da kuma dalilin da ya sa gonakin Sahel suke ba ta wahala.

2.0 Yadda Tauraro ke Gane Shuka

Tauraro yana auna hasken rana da ƙasa ta mayar sama ne. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, sannan ya mayar da mafi yawan wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Idan ganye ya yi yaushi ko ya bushe, wannan bambanci sai ya ragu. Daga nan aka samo ma'aunin NDVI: ana debe jan haske daga wancan ɓoyayyen haske, a raba sakamakon da jimillarsu. Amsar takan faɗa tsakanin -1 da +1. Fako da rairayi suna kusa da sifili, gona mai duhun ganye kuwa tana doshin ɗaya. Idan aka jera awon kowane kwana goma aka kwatanta da na shekarun baya, za a ga inda shuka ta makara da inda fari ya tsayar da ita.

3.0 Amfaninta a Sahel

Bayan farin shekarun 1970, ƙasashen Sahel sun kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, Amurka kuma ta kafa shirin gargaɗin yunwa na FEWS a 1985. Dukansu suna haɗa hotunan tauraro da bayanan ruwan sama domin hango yankunan da girbi zai gaza tun kafin kaka. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin watannin da ke tsakanin gargaɗi da ƙarewar rumbu su ne damar da hukuma ke da ita ta kai hatsi. Haka kuma hotunan sama na shekaru daban-daban sun taimaka wajen tabbatar da cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da itatuwa a gonaki masu faɗin kusan hekta miliyan 5. Kayan aikin ma sun ƙara samuwa: an buɗe taskar Landsat kyauta a 2008, Nijeriya ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003, taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna sake ɗaukar wuri guda duk kwana 5.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce girman ɗigo. Kowane ɗigo a hoton Landsat yana wakiltar mita 30 a tsaye da kwance, don haka gona mai hekta ɗaya ba ta wuce ɗigo 11 ba, kuma da yawansu sun haɗa da iyakar maƙwabci. Sentinel-2 mai mita 10 yana ba da ɗigo 100, amma bai kawar da matsala ta biyu ba, wato haɗa shuka. Manomin ƙasar Hausa yakan shuka gero da dawa da wake a gona guda, ga itatuwa a tsakani. Tauraro yana ganin kore ɗaya ne a dunƙule. Gawo ma kan rikita lissafi, domin yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani.

Ta uku ita ce hazon gajimare. A watan Agusta, lokacin da aka fi buƙatar labarin gona, sararin sama yakan rufe. Tauraron Sentinel-1 yana amfani da rada mai keta gajimare, sai dai fassara bayanansa ta fi wuya.

Ta huɗu ita ce mafi girma: kore ba hatsi ba ne. Gonar da ba a yi wa noma ba tana iya fin wadda aka gyara kore, saboda ciyawa. Tsuntsayen jan-baki suna iya cinye zangarniya su bar kara da ganye kamar ba abin da ya faru. Wanda ya dogara da hoto kaɗai zai rubuta albarka a inda rumbu zai kwana wayam.

5.0 Kammalawa

Hoton tauraro yana nuna inda ya kamata a je a duba, amma ba ya maye gurbin zuwan. Ƙiyasi ba ya inganta sai an gwada shi da awon gonaki na zahiri: me aka shuka, yaushe, dami nawa aka samu. Irin waɗannan bayanai ne suka yi ƙaranci a Sahel, alhali hotunan suna nan kyauta. Saboda haka babban aikin da ke gaban jami'o'i da malaman gona na yankin shi ne tattara su daga bakin manoma, da harshensu da ma'auninsu na dami da tiya, domin a koya wa na'ura karanta gonar da ba don ita aka ƙera ta ba.