Ƙanƙarar da ta kayar da jirgi

A Gyadi-Gyadi da Tarauni, ƙanƙara abar marmari ce. Da bazara saye muke yi mu jefa a zoɓo. Amma duk bakanike ya san ɓarnar ruwa in ya shiga mai: inji ya yi ta tari, ya mutu. To, shi jirgin sama, ruwan nan daskarewa yake yi.

Ranar 17 ga Janairu, 2008, jirgin British Airways mai lamba 38, ƙirar Boeing 777, ya taso daga Beijing zuwa Landan da mutum 152. Ya ratsa sararin Saiberiya cikin sanyi mai tsanani. Man bai daskare ba. Ɗan ruwan da ba a rasawa a cikin man jirgi ne ya riƙa daskarewa yana manne wa bututu daga ciki, yana taruwa a hankali, ba wanda ya sani.

Saura ƙiris a sauka a filin jirgin Heathrow, aka nemi ƙarin wuta. Mai ya kwararo da ƙarfi, ya ɓamɓaro ƙanƙarar, ta je ta toshe bakin na'urar da ke ɗumama man da zafin baƙin mai. Injin dama ya yi sanyi, bayan daƙiƙa bakwai na hagu ya bi sahu.

Mataimakin kyaftin, John Coward, ne ke riƙe da tuƙi. Ga gidaje a ƙasa, ga titi cike da motoci. Kyaftin Peter Burkill ya miƙa hannu ya rage lanƙwasar bayan fukafukai daga digiri 30 zuwa 25, don iska ta sassauta wa jirgin. Da kyar ya tsallake shinge, ya faɗi kan ciyawa, ƙafafunsa suka karye. Allah da ikonsa, ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wahalar masu bincike. Shaidar ta narke kafin su iso! Shekara biyu suka yi suna gwaji, sai a Fabrairun 2010 rahoton ƙarshe ya fito. Ashe bakunan siraran bututun na'urar sun ɗan turo waje, nan ƙanƙara ke maƙalewa inda zafi ba ya kai mata.

Kamfanin Rolls-Royce, wanda ya ƙera injinan jirgin, ya sake ƙera na'urar, ya daidaita bakunan da bangonta, aka kuma wajabta sanya ta a duk jirgin 777 mai irin wannan inji.