Tashar Rada ta Tin City: Inda Mutane Ƙalilan da Janareta Ke Gadin Sararin Samaniyar Amurka

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar Flightradar24 a wayarsa ya san daɗin kallon 'yan jiragen nan masu launin rawaya suna rarrafe a kan taswira. Na daɗe ina ɗauka cewa rada ce ke hango su. Ashe yawancinsu jiragen ne da kansu ke shelanta inda suke, ta wata na'ura da ake kira ADS-B: ni ne wane, ga tsayina, ga gudun da nake yi. To idan jirgi ya kashe wannan na'urar ya yi gum fa? Manhajarka ba za ta gan shi ba. Irin wannan jirgin ne ya sa ake ajiye mutane a kan wani dutse a ƙarshen jihar Alaska, ana kashe maƙudan kuɗi don kada wutarsu ta ɗauke ko na minti ɗaya.

Sunan wurin Tin City, ya samo sunan ne daga kuzar da aka riƙa haƙa a can tun farkon ƙarni na 20. Kada sunan ya ruɗe ka, ba birni ba ne. Yana bakin mashigin ruwan Bering, inda tsakanin Amurka da Rasha bai wuce kilomita 85 ba, kuma ranar da gari ya yi wasai ana iya hango duwatsun ɓangaren Rasha. Babu titin da ya haɗa shi da manyan garuruwan Alaska. Sojan saman Amurka suka fara aiki da tashar a 1953, lokacin Yaƙin Cacar Baka, don su hango jiragen Tarayyar Sobiyet masu ɗaukar bam tun kafin su iso. Yau tana cikin tashoshi 15 masu dogon zango da ke kewaye da Alaska.

Yadda na'urar ke gani

Radar da ke wurin sunanta AN/FPS-117. Tana cikin wani farin rufi mai siffar ƙwallo wanda ke kare ta daga iska da ƙanƙara, tana juyawa sau biyar zuwa shida a minti ɗaya, dare da rana. Aikinta kamar ka yi ihu a gaban dutse ne ka jira amsa-kuwwa: ta harba siginar rediyo, siginar ta bugi jikin jirgi, ta dawo. Tunda siginar na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, jirgin da ke nisan kilomita 370, wato iyakar da aka saba ba wannan na'urar, amsarsa za ta dawo cikin kusan kashi biyu da rabi cikin dubu na daƙiƙa. Daga wannan ɗan lokacin kwamfuta ke lissafa nisa. Tana kuma fitar da kusurwa da tsayi. Zangon rediyon da take amfani da shi, megahaz 1215 zuwa 1400, maƙwabcin wanda GPS ɗin wayarka ke sauraro ne.

Me ya sa sai a kan dutse? Saboda duniya a lanƙwashe take, ita kuma siginar kusan a miƙe take tafiya. Jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa zai iya laɓewa a bayan lanƙwasar. Shi ya sa aka ɗora na'urar a kan dutsen Cape Mountain mai tsayin kusan mita 700, masauki da filin jirgi kuma suna ƙasa. Hawa dutsen a lokacin sanyi ya yi wuyar da har sai da aka kafa keke mai tafiya a kan igiyar ƙarfe don ɗaukar ma'aikata.

Su wa ke zaune a can?

A da, soja wajen ɗari ne ke zama a irin wannan tasha, kowa sai ya yi shekara guda ba tare da iyalinsa ba. Suna zaune a ɗaki mai duhu suna kallon allo, suna rubuta hanyar kowane jirgi da hannu. A farkon shekarun 1980 aka kawo FPS-117, wadda aka ƙera ta don ta yi aiki ba tare da an tsaya a kanta ba: tana duba lafiyar kanta, ta faɗi sashen da ya lalace, kuma mutuwar wani ɓangarenta ba ya tsayar da ita gaba ɗaya. A 1983 aka rufe rundunar da ke Tin City. Yanzu ma'aikatan kwangila ne farar hula, a wasu tashoshin ba su wuce huɗu ko biyar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba su ne ke yanke hukunci kan abin da na'urar ta gani ba. Bayanan na wucewa ta tauraron ɗan adam zuwa sansanin Elmendorf da ke Ankorej, inda jami'an NORAD, rundunar haɗin gwiwar Amurka da Kanada, ke tantance jirgi su tura jiragen yaƙi idan da buƙata. Kuma ana turawa. A watan Yulin 2024 an tare jiragen Rasha da na Sin masu ɗaukar bam suna shawagi tare kusa da Alaska.

To mene ne aikin na kan dutsen? Duk wanda ya taɓa kula da saba ya san shi: kada abin ya mutu. Akwai mai gyaran rada da na'urorin sadarwa, akwai makaniki mai kula da janareta da motoci da famfo, akwai mai dafa abinci. Su ne ke share dusar ƙanƙara daga filin jirgi, su auna yanayi su faɗa wa matuƙi ko ya taho ko ya haƙura. Babu wutar gwamnati, janareta ce kawai, kamar dai dogayen ƙarafunan sabis ɗinmu na nan da ke rayuwa da man gas. Bambancin shi ne mai kawo musu man jirgin ruwa ne, kuma sai da bazara idan teku ta narke yake iya zuwa. Abinci da kayan gyara jirgin sama ke kawowa, idan hazo ko guguwa ta tsaya sai a yi kwanaki ana jira. A watan Disamba hasken rana kusan awa uku ne kacal. Ga namun dawa: a 1993, a tashar Oliktok da ke arewacin Alaska, wani farin beyar na yankin ƙanƙara ya fasa taga ya shiga masauki, ya yi wa wani makaniki mummunan rauni.

Matatar da ke cikin manhaja

Ga inda abin ya taɓa ni a matsayina na mai rubuta manhaja. Rada ba jirage kaɗai take gani ba. Tana ganin garken tsuntsaye, da gajimare, da igiyar ruwan teku, da duwatsu. Da za a zuba duk wannan a allo, babu wanda zai gane komai. Don haka ake sa matata a cikin manhajar: abin da gudunsa bai kai kaza ba, ko girmansa bai kai kaza ba, a watsar da shi. Sharaɗi ne na layi kaɗan, irin wanda nake rubutawa kullum ban ko sake waiwayarsa ba. Amma duk abin da matatar ta zubar, a wurin mai kallon allo babu shi a duniya.

An ga haka a farkon 2023, lokacin da wani ƙaton balan-balan na ƙasar Sin ya shigo ta Alaska, ya ratsa Kanada da Amurka, har aka harbo shi ranar 4 ga Fabrairu a gaɓar jihar Karolina ta Kudu. Shugaban NORAD na lokacin, Janar Glen VanHerck, ya amsa cewa wasu balan-balan sun taɓa wucewa a shekarun baya ba a gan su ba. Na'urorin an saita su ne don jirgi mai gudu da makami mai linzami, abin da ke tafiya a hankali da iska kuwa ana ɗaukarsa shara ne. Sai aka sassauta matatar.

Nan da nan allo ya cika. Cikin kwana uku, daga 10 zuwa 12 ga Fabrairu, jiragen yaƙin Amurka suka harbo abubuwa uku: ɗaya a arewacin Alaska, ɗaya a yankin Yukon na Kanada, ɗaya a saman tafkin Huron. Kowane makamin da aka harba kuɗinsa ya kai wajen dala 400,000, kuma a tafkin Huron na farkon ma kuskure ya yi sai da aka sake. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Joe Biden ya fito ya ce da alama ukun nan balan-balan ne na kamfanoni, ko na masu bincike, ko na masu yin abin don sha'awa kawai.